Zaren Mayafin Inna

Wurno, Litinin

Zuwa ga ƙawata Susanna,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina aikin asibiti? Yaya Loveth da babanta?

Na gode da zuwanki gaisuwar rasuwar ɗana Lukman. Tun ranar da mashin ya kaɗe shi a hanyar Rara ban shiga shagonshi ba, sai jiya. Na iske babbar rigar da yake yi wa babanshi Alhaji tana nan ɗaure kan keken surfani, aikin wuyan ya kai rabi, allura na tsaye inda ya bar ta. Kin san keken ba ya motsi sai da umarnin kwamfuta, ita kuma wutar lantarki ta ƙona ta.

Alhaji bai ce a taɓa ba, bai ce a bari ba. Ko sunan yaron bai ƙara kamawa ba. Ni dai so nike a ƙare rigar ga, uban ya sa abin da ɗanshi ya zana mishi. Ga kwamfutar nan na ba direban mota ya kawo miki. Ki roƙa min Wilfred ɗinku mai gyaran kwamfuta ya duba. Allah shi bar zumunci.

Taki,
Kaltume

Goronyo, Asabar

Maman Lukman,

Muna lafiya, Allah ya ƙara haƙuri. Kada ki ce in daina kiran ki haka, da shi na san ki tun zamanmu na Rabah.

Wilfred ya ce kwamfutar ta tafi ke nan, amma ma'ajiyarta lafiya lau, zanen Lukman na ciki. Sai dai manhajar da ke buɗe shi tsohuwa ce, ta ƙi sabuwar kwamfuta ƙememe. Na ce halinki ta ɗauko, ke da har yau ba ki yarda da tukunyar gas ba! Dabarar da zai yi ita ce ya gina wa tsohuwar ɗaki a cikin tasa sabuwa, ta farka tana zaton gida take. Ya ce dole kuma ya mayar mata da kwanan wata baya, in ba haka ba ba za ta buɗe ba.

Ki gaida Alhaji.
Susanna

Wurno, Talata

Susanna,

Bayan gaisuwa, takardarki ta hana ni sukuni. Wato manhajar za ta farka ba ta san komi ba? A wajenta yaron yana nan, ya dai fita sallah? Na tambayi kaina ko wannan bai zama tada abin da Allah ya kwantar ba. Daga baya na ga ƙarfe ne da wuta, ba rai ba. Amma wallahi na yi ƙyashinta.

Ku zo da ita in kun samu hali. Allah shi saka.

Kaltume

Goronyo, Alhamis

Maman Lukman,

Ta buɗe! Zanen ya fito cif, aska biyu ce. Sai ga wata matsala. Launi uku aikin ke ci, kuma ɗanki bai sa lambar zare ba, sunaye ya raɗa musu. Na farko "toka", na biyu "bawon albasa", su ne ke jikin rigar. Na ukun ya rubuta "mayafin Inna". Wilfred ya ce manhajar ba ta nuna kowane launi ba. Wane mayafi ne? Ki sayi zaren, muna zuwa Asabar.

Susanna

Wurno, Lahadi

Ƙawata,

Da fatan kun isa lafiya. Ki yafe min da na sallame ku jiya ba a ƙare ba. Na baza mayafaina duka bisa gado, ban san wanne yake nufi ba. Uwa ce ni, ban san da mi ɗana yake ganina ba.

Bayan tafiyarku Alhaji ya tsaya bakin ƙofa, ya daɗe. Sai ya ce, "Koren nan ne da ya koɗe. Da shi kike raka Lukman makaranta." Ya faɗi sunan, Susanna. Sau biyu ya faɗa.

Wannan koren na ba da shi kyauta tuntuni. Yau da hantsi shi da kanshi ya tafi kasuwa neman zaren, ya ce shi ya san launin.

Ki ce wa Wilfred ya bar manhajar yadda take, kada ya gyara mata kwanan wata. Ku dawo ranar da kuka samu. Allah shi bar mu tare.

Maman Lukman