Batirin Motar Leland Ba Ya Kwana da Wuta

Malam Garnet, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure.

Mijina Leland yana zuwa wankin ƙoda a cikin gari, ni nake kai shi, kuma daga gonarmu tafiya ce mai nisa. Motarmu ta girmi jikarmu da ke jami'a. Tun da sanyin nan namu na Saskatchewan a Kanada ya kankama, batirinta ba ya kwana da wuta. Da safe in murɗa makulli sai in ji ƙas-ƙas, shi ke nan. Na sayi sabo, bai daɗe ba ya bi sawun tsohon. Maƙwabcinmu Arvid yakan zo da waya ya jona min da batirin motarsa, har ya fara tsokanata wai in gyara masa ɗaki ya tare. Shi ya ce altaneta ce, wato abin da ke yi wa batir caji. Mijin 'yarmu kuwa, wanda bai taɓa buɗe bonet ba, ya ce in sayar da akwalar in huta. Leland ba zai yarda ba, da hannunsa ya yi shekaru yana lallaɓa ta.

Sau ɗaya muka rasa wanki, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Na tsorata ƙwarai. Shi ya sa in an jona min, safe da yamma nake tayar da ita a garejin gida in bar ta a silo ta yi caji, ƙofa a rufe, don in na buɗe ta, bututun ruwa daskarewa yake yi. Ɗakin Leland yana jikin bangon garejin tun da ya daina hawa bene, yakan ce ƙarar injin na sa shi barci.

Ni kam na gaji. Kwanan nan ciwon kai da jiri ba sa barina, na san tunani ne. Leland sai barci, jiya da ƙyar na tashe shi cin abinci. Har kyanwarmu ta daina kwanciya a ƙafarsa, ta koma sama. Tsakanin Arvid da mijin 'yarmu, wa zan bi? Me ke shanye wutar nan?

Direbar Leland

Baiwar Allah, na karanta wasiƙarki gabana yana faɗuwa, kuma ba don batir ba.

Kada ki sake tayar da motar nan a gareji, ko da ƙofa a buɗe. Hayaƙin salansa yana da guba marar wari, tana ratsawa ta kafar ƙofa da tsagar bango, kuma da ciwon kai da jiri da nauyin barci take fara sallama. Ba tunani ke damunki ba. Yau ɗin nan ki kira Arvid ya kai ku asibiti, ki faɗa musu abin da kika faɗa mini, kada ki rage komai. Ki sa na'urar da ke ƙara in gubar ta taru, kusa da ɗakin Leland.

Batun mota kuma, Arvid yana da hujja. Mai wayarin mota ya gwada altaneta da bel ɗinta, ya kankare kawunan batir, sannan ya kashe komai ya auna ko wani abu yana jan wuta a ɓoye, irin fitilar but da ba ta mutuwa. Silo ba ya cika batir, kuma wanda ya sauka a wannan sanyi daskarewa yake yi ya lalace, wataƙila abin da ya ci sabon ke nan. Ƙaramar caja da ake jonawa a bango za ta riƙe shi ba hayaƙi.

Surukinki ma bai yi ƙarya ba, mai wankin ƙoda ba ya dogara da mota ɗaya. Tunda ya iya ba da shawara, ya karɓi wasu ranakun tuƙin.

Batir ko ya mutu gobe, Arvid zai tashe shi. Leland fa, jiya da ƙyar kika tashe shi. Ku fita daga gidan nan tukuna. Allah ya ba shi lafiya, ya kiyaye ku duka.

Garnet