Kwalin da Ba a Buɗe Ba

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna. Ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Wata biyu ke nan da aka ɗora ni a kujerar da ka bari, ta shugabancin ƙungiyar malaman kimiyya da fasaha ta jiha, kuma wallahi na fara ramewa. Ma'aikatar ilimi ta aiko da takarda. A taron ƙarshen wata za a karanta sakamakon fom ɗin kayan gwaji, wanda ka tsara da hannunka: makarantar da kayanta suke cif ta ɗauki kofi, wadda ta zo ta ƙarshe a kwashe kayanta, a ba malaminta takardar tuhuma. Takardar tana kan teburina, sa hannuna kawai take jira.

Ta ƙarshe bana ita ce makarantar nan ta ƙetaren gada. Malaminta har suna aka sa masa a ofis, Mai Fashe-fashe. Cikin kwalaben gwaji talatin da muka ba shi, sha tara sun fashe, madubin duba ƙananan halittu kuma makunninsa ya kwance.

Na je da kaina ranar Litinin, da niyyar in yi masa faɗa. Na tarar da ɗalibai sun yi layi har baranda, kowa da ɓawon albasa a hannu, suna jiran madubin. An ɗaure makunnin da roba. Wata ɗaliba ta ja ni ta ce, "Anti, leƙa ki gani, kamar ginin bulo." Shi kuwa ya ɗauko wani gwangwanin madara da yake tara fasassun a ciki, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ga su nan, ko ɗaya ba a sace ba. Yara ne, hannu yana rawa ranar farko. Ni dai kada a ɗauke musu madubin, ni a yi mini duk abin da za a yi."

Na dawo ban yi masa faɗan ba. Malam, ya zan yi?

Ka gaida Inna. Ka huta lafiya.
Ɗalibarka.

*

Zuwa ga Sarkin Tambaya,

Na samu wasiƙarki, muna lafiya. Ƙafa tana nan tana mulkinta. Innarki ta ce ki riƙa cin abinci, kujerar ba ta son ramamme.

Har yanzu ba ki daina tambaya ba ke nan, tun kina aji biyu kike hana ni shan ruwa. To ki saurara. Fom ɗin nan ba don mugunta na yi shi ba. Lokacin da muka fara, sai mu kai kaya makaranta yau, wata uku ka gan su a kasuwa. Da fom ɗin ne na tsayar da wannan, kuma ba na jin kunyarsa.

Mutuminki na gada ba ɓarawo ba ne, na yarda, amma sakaci ma laifi ne. Ki sa hannu, ki rubuta a ƙasa a sassauta masa. Sannan ki ware rana ki koya masa yadda kika yi. Ke ba shekara uku a jere kika ɗauki kofin nan ba, ko tsaga babu a kayanki, kuma ɗalibanki suna cin jarrabawa? Da wannan na tsaya gaban kwamiti na ce ke za a ba kujerar. Duk inda na zauna da ke nake cika baki.

An aiko mini da katin taron, wai ni ne babban baƙo. Zan zo in ƙafa ta yarda.

Allah ya yi miki albarka.
Malaminki.

*

Malam,

Ina gaisuwa. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagewa.

Ba ni da abin da zan koya masa. Kayan da na ci kofi da su, ban taɓa buɗe su ba. Suna nan a siton tsohuwar makarantata, kwalin da salatif ɗinsa na kamfani. Shekarar farko shugaban makaranta ne ya riƙe makulli, ya ce ba zai bari yara su jawo masa tuhuma ba. Shekara ta biyu ya ba ni makullin. Ni na ƙi buɗewa, don na riga na ɗanɗana kofi. Idan masu duba kaya suka zo sai su ƙirga kwali, su ga a rufe, su ce madalla.

A allo nake zana madubin, da alli kala uku, yara su kwafa su haddace. Zanena ya yi kyau, kowa yana yabawa. Bara wata tsohuwar ɗalibata da ta shiga makarantar aikin jinya ta zo gaishe ni, tana dariya tana ba ni labari wai ranar farko ta leƙa madubi ta wajen da ba nan ake leƙawa ba, aji ya fashe da dariya. Na taya ta dariyar. Da ta tafi na rufe ƙofa na yi kuka.

Makon nan na zagaya makarantu tara da ke saman jerin. Bakwai kwalinsu a rufe yake kamar nawa. A ɗaya har an shimfiɗa masa leda an ɗora tukunyar fure.

Taro ranar Alhamis ne. In na sa hannu, za a kwashe madubi daga makaranta ɗaya tilo da na ga ana leƙa shi. In na faɗi gaskiya, kwamiti zai ce da kofin ƙarya na hau kujera, kuma ba su yi ƙarya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kai: kana zaune a babban tebur, in tashi in ce fom ɗinka ne ya kulle kayan yara shekara da shekaru. Maigidana ya ce in sa hannu in gyara fom ɗin baɗi a hankali. Amma baɗi babu madubi a ƙetaren gada.

Tsoro nake ji, Malam. Ka yafe mini bakin da ka cika a kaina.

Ɗalibarka.

*

Malam,

Ina gaisuwa. Kwana biyar shiru, na kira waya Inna ta ce ka fita. Gobe ne taron. Ban sa hannu ba. Na je na ɗauko kwalin, yana bayan motata, duk ramin da na faɗa sai gabana ya faɗi kada wani abu ya fashe, ka ji halin da na saba. In fushi kake, gara ka faɗa mini kafin mu haɗu gaban jama'a.

Ɗalibarka.

*

Sarkin Tambaya,

Innarki za ta kawo miki wannan da hannu. Na yi fushi kwana biyu, ragowar ukun kunya ce. Na tuna kina aji biyu kin ce in bar ki ki leƙa madubin da ke cikin kabad ɗina, na ce sai kin girma. Ashe a wurina kika koya.

Kujerarki ban san abin da za su yi da ita ba, ba zan yi miki alkawari ba. Amma kada ki buɗe kwalin. Ki ajiye shi a babban tebur, a gabana, zan zo da reza.

Ki sa wa mutumin gada kujera kusa da ni. Shekara talatin ina zana madubin nan a allo, ban san yadda ake haɗa shi ba.

Malaminki.