Dabinon Amak Sahdan

Sembalun, Lombok, 4 ga Rajab 1404

Yaya Iyatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya zafin unguwarmu ta Awali?

Na sauka lafiya a ƙauyen Amak Sahdan, tsohon nan da ya yi jinya a gonarmu bayan hajjinsa. Mutanensa Sasak ne, manoman shinkafa da tafarnuwa a gindin dutsen Rinjani, wanda Turawa ke wahalar da kansu wajen hawa. Ruwa yana gudu a gonakinsu ba mai gadi, har haushi ya kama ni.

Ga abin da ya sa ya kira ni. Ƙwallon dabinon da muka ba shi ya shuka a ƙofar ɗakinsa. Shekara tara yana masa ban ruwa, yana gaya wa jikoki za su ci dabinon Madina, amma ko ɗa guda. Na duba furen, Yaya: namiji ne, ba zai taɓa haihuwa ba. Ban faɗa masa ba tukuna. Kullum sai in ce ina nazari.

Ƙaninki,
Ɗan'inna

Madina, 27 ga Rajab

Ɗan'inna,

Wa alaikumus salam, kowa lafiya. Nazarin me? Shinkafar mutane kake nazari, na san ka. Tsoho ya shayar da icce shekara tara, kai kuma za ka bar shi ya ƙara tara? Ka faɗa masa, halas, a wuce wurin. In kunya kake ji, ka faɗa kana kallon ƙasa. Kuma ka saka rigar sanyi.

Allah ya dawo da kai lafiya.
Iyatu

Sembalun, 20 ga Sha'aban

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na faɗa masa bayan la'asar. Ya daɗe yana shafa kututturen. Sai ya ce da guntun Larabcinsa, "Ashe ba ciwo gare shi ba. Baƙo ne shi kaɗai, kamar ni a garinku." Daga nan ya yi dariya, ya ce laifinsa ne da bai nema masa iyali ba.

Na ce ko an kawo masa mace, sanyin nan zai iya hana su haihuwa. Ya ce ya ji, shi dai a kawo.

Alhazansu za su zo ziyara bana. Ki sa a cire 'ya'ya biyu masu tsiro daga gindin macen dabinon nan ta bakin rijiya, a naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, a ba alhazan su kawo masa. Tuni ya haƙa ramukan.

Ki huta lafiya.
Ɗan'inna