Sammacin Mai Kamfani

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Mama? Ki ce ina duba ta.

Yaya, na kai baban yara kotu kan abincinsu da kuɗin makaranta. Ya zo da rigar aikinsa, duk tartsatsin walda ya huhhuda ta. Ya ce wa alƙali ba ƙi ya yi ba, kamfanin ƙofofin da yake wa aiki ne ya riƙe musu albashi tun bara. Kin san bakina, ba ya jiran izini. Na ce ƙarya yake, a kira mai kamfanin. Ya juyo ya ce, "Don Allah kar ki sa shi a ciki." Na ɗauka tsoron tonon asiri yake. An dai aika sammaci.

Ki taya mu da addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kowa lafiya. Mu ma lafiya, sai zuciyata.

Mai kamfani ya zo da lauyansa, ya amsa cewa bai biya ba. Ashe gaskiya bawan Allah yake faɗa. Alƙali ya ce rikicin albashi sai kotun ma'aikata, amma ranar da kuɗin suka fito, haƙƙin yara za a fara cirewa. Na fito kamar wadda ta ci nasara. A satin nan kamfanin suka kori baban yara daga aiki, wai ya zubar musu da mutunci. Abin da yake gudu ke nan, Yaya. Yana ta lallaɓa su ne ko ya samu haƙƙinsa, ni kuma na tsinke igiyar. Shari'ar albashin kuwa, an ce sai ta yi tsawo.

Na san yarana na nema wa, kuma yunwarsu ba ƙarya ba ce. Amma jiya ya zo da jakar makaranta sabuwa da ɗan cefane, a ƙafa. Ban ga kekensa ba, ban kuma iya tambaya ba. Ƙaramin ya ruga ya rungume shi. Babbar ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, don ni na sha faɗa a gabanta cewa ubansu ya ci kuɗinsa ya manta da su. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofar yana kiran ta. Daga baya ya ajiye mata jakar ya ce, "Ƙyale ta, ƙila barci take ji."

Ko baƙar magana ɗaya bai gaya min ba. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Yau da safe babbar ta tafi makaranta da tsohuwar jakarta. Idan ta dawo zan zaunar da ita in ce mata ni ce ban faɗi daidai ba.

Kar ki gaya wa Mama tukuna.

Ƙanwarki,
Auta