Mijina ya kai ƙafarsa wurin mai faci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, raina ba a kwance yake ba.

Daga Dakoro nake. Mijina dillalin shanu ne, ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Yayansa ya kai shi Yamai aka yi masa ƙafar roba, irin mai kama jiki da iska. Dungulmin yana shiga cikin ƙoƙo, wata roba mai laushi ta rufe har cinya, ɗan famfo a ƙasa yana zuƙe iskar ciki duk takun da ya yi. Likitan ya ja masa kunne, in robar ta huje ya dawo, kada ya taɓa.

To ƙaya ta huda ta a hanyar Birnin Lalle, ƙafar ta fara sulluɓewa. Mutumin nan, da taurin kai kamar bajimin da yake sayarwa, sai ya nufi wurin mai facin babur. Ya ce iska iska ce, ta taya da ta ƙafa duk ɗaya. Facin bai kama ba, suka yanko tsohon tib na taya suka ɗaure cinyar tam.

Yanzu ƙafar ta kama, yana ta fariya a kasuwa. Amma ni ke wanke masa wurin, na ga bakin dungulmin ya yi baƙi, ya yi sanyi, ga wani wari da sabulu ba ya fitarwa. Na danna da yatsa, bai ji komai ba. Shi a wurinsa wannan ne alamar sauƙi.

Na ce mu je asibiti, ya hau ni da faɗa, wai ina masa fatan a ƙara yanka. Ya rantse in na gaya wa yayansa, in tattara in koma Ɗan Gulbi gidanmu. Tun ranar ya hana ni ganin wurin, da ƙafar yake kwana.

Wallahi tsoro nake ji. Bayan kasuwa mai zuwa zai bi garke arewa da ƙafa, can ko rezon waya babu.

In kira yayansa in rasa aurena, ko in yi shiru in haɗa masa guzuri?