Inna da Farar Agwagwa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya yi wa zuri'a albarka, amin. Mu nan lafiya lau. Yara sun koma makaranta, ƙafar Inna kuma da sauƙi sosai, kuma a kanta ne nake son mu yi magana.

Na ji saƙonka cewa tunda Inna ta zame ta faɗi wajen ba agwaginta ruwa, a rabu da su kowa ya huta. Wallahi Yaya na yi niyyar gaya mata, bakina ya yi nauyi. Tun da aka sallamo ta daga asibiti ko ƙofar ɗaki ba ta leƙawa, kullum kwance, fuska ga bango, kukan agwagin nan kaɗai ke sa ta ɗaga kai. Ana cikin haka maƙwabciyarmu mai ɗinki ta kawo mata wata farar agwagwa a kwali, wai ta haɗa da nata. Ni kuwa da rawar jikina na sake ta cikinsu daidai lokacin da na zuba dusa a kwano ɗaya. Kai, Yaya, ba ka ga tashin hankali ba! Kafin in juya sun yi mata taron dangi, sun fige mata gashin wuya har jini, ta shige bayan randa tana makyarkyata. Maigidana ya ce aikin toron nan ne da muke kira Kofur, a yanka shi a wuce wurin.

Sai ga muryar Inna daga ɗaki, wai kada wanda ya taɓa mata toro. Ta sa na riƙo ta muka fito, ta zauna a kujera bakin ƙofa. Ta sa aka wanke wa baƙuwar ciwo da ruwan gishiri, aka kife ta da kejin waya a tsakar gida, yadda za su riƙa ganinta amma baki ba ya kaiwa. Kwanon dusa kuma ta ce a raba, a ajiye nesa da juna. Kullum da hantsi tana nan zaune ta zuba musu ido kamar alƙali. Ashe Kofur hayaniya kawai ya iya! Wata tsohuwar baƙar agwagwa a cikinsu mai tafiya sumui-sumui ita ke fara kai sara, sauran su bi. Inna ta ce ta san irinta ko a cikin mutane. Sai ta juya hukunci, ta saki baƙuwa, ta kulle baƙar har girman kanta ya sauka. Ranar haɗa su ta ce a cika baho, domin agwagwa in ta ga ruwa mantawa take da gaba. Aka buɗe keji, duk suka faɗa wanka.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Baƙar ta miƙa wuya za ta cafki farar, sai kawai na ga Inna tsaye a bakin baho tana daka mata tsawa. Ita kaɗai ta tako daga ƙofa har can, ba wanda ya riƙe ta, ita kanta ba ta lura ba. Na shige kicin na sha kukana na murna. Yaya, ina alfahari da tsohuwar nan tamu, har ban san yadda zan faɗa maka ba.

Saboda haka ka yi haƙuri, saƙonka ban isar ba, kuma ba zan isar ba. Na sa an zuba yashi duk inda ke da santsi. In har kana ganin sai an rabu da su, ka zo ka faɗa mata da bakinka, amma ka zo da shiri, don yanzu tana iya bin ka da ƙafarta.

Ka gaishe min da Anti da kyau, da takwarar Inna da ƙannenta. Maigidana da Kawu Dogo suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta