Wayar Inna Ta Cika, Muryar Zulkifli Ta Ƙi Shigowa

Assalamu alaikum Anti Sharifa. Don Allah a taimake ni, abin ya fi ƙarfina.

Ni ne Alhaji Dakta Injiniya, Babban Darakta mai kula da dukkan wayoyin hannu tun daga Argungu har Birnin Kebbi. Gidana na unguwar Gesse, bene hawa uku, ko kajina sai da takarda ake ganinsu. Ban saba neman shawara ba, ni ake nema, to amma ko wanzami wani ke aske mai ƙeya.

Maganar kan wayar mahaifiyata ce, Inna Hodi, da ke Gulma. Yayana Zulkifli ya saya mata bara kafin ya tafi Kumasi cinikin albasa. Kira zuwa can akwai tsada, shi ya sa duk Juma'a yake aiko mata da saƙon murya ta Wasap. Sai ta aje wayar kusa da faifai tana tsintar shinkafa, ta saurara sau goma, tana amsa mai kamar yana zaune bisa tabarma. Lafiya lau muke, shinkafa ta yi kyau bana, wanga ƙanen naka ne kaɗai ya dame mu.

Yau Juma'a uku ke nan saƙo na zuwa, ina ganin shi da idona, amma ya ƙi buɗewa, wayar na cewa wuri ya cika. Ni ke riƙe mata wayar, sai na ce mata sabis ne. Yanzu ta fara tare duk direban da ya dawo daga kudu tana tambaya ko ya ga ɗanta. Jiya tac ce ko dai ciwo yake yana ɓoye mata, ko wani laifi ta yi mai. Tuwon ma rabi ta ci.

Ba zaune nake ba. Na goge wasan ƙwallo, na goge waƙoƙi, na goge hotunan fuskata guda tamanin, duniya ta yi asara. Wuri ya ɗan samu, kwana biyu ya sake tsukewa, kamar gaɓar gulbi da damina, kullum ruwa na ci.

Abu biyu ne ban taɓa ba. Na farko hotunan Inna. Dangi sunka sa ta cikin guruf biyar, kowace safiya ayoyi da addu'o'i da Barka da Juma'a mai furanni, sun haura dubu biyu. Dokar Inna ita ce duk abin da ke ɗauke da sunan Allah ba a yar da shi. Ni ma makarantar allo na yi, na sha bulala kan takardar da na tsallake a hanya, in na ɗora yatsa sai hannuna ya ƙi. Na biyu wasu muhimman bidiyoyi ne na ofis, kamar sittin. Akwai wanda Kawu Sunusi ya zunduma cikin fadama ranar da na ja igiya gabansa ya ɗauka maciji ne. Wannan tarihi ne, Anti, jikoki za su nema.

To sai na gano wata folda mai suna Android. Duk ta fi ƙiba, cikinta sunayen Turanci ne zalla, na duba ko bisimilla babu. Na ce ga ɓarawon. Okwudili mai gyaran waya a unguwar Nasarawa ya riƙe mini hannu, yac ce kada in kuskura, amma ina zargin so yake in sayi sabuwa. Mi kika gani? In share ta kowa ya huta?

Af, kafin in rufe. Ni ba Alhaji ba ne, jirgi ma a sama nake ganin shi. Kalilu ne, autan Inna, noman shinkafa nake, bokon nan a waya na tsince shi. Na ari babbar riga ne don kada wasiƙata ta kwana ƙasan tari.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana Kalilu. Tun daga kajin nan na gane ka, amma na karanta har ƙarshe ina dariya.

Da farko ka janye hannunka daga foldar nan, Okwudili gaskiya ya faɗa maka. A nan manhajojin waya ke ajiye kayansu, kuma a yawancin wayoyin yanzu hotuna da saƙonnin murya na Wasap suna cikinta. Shi ya sa ka ga ta yi ƙiba. In ka share ta, tsofaffin muryoyin Zulkifli da Inna ke maimaitawa na iya tafiya tare da ita. Tsukewar da kake gani kuma ba aljanu ba ne. Ita kanta wayar tana ƙara cin wuri duk lokacin da ta sabunta kanta, ga guruf biyar suna zubo kaya ba dare ba rana.

Dokar Inna kuwa ba abin raini ba ce, tarbiyya ce mai kyau. Ni ba malama ba ce, ka tambayi malaminku, sai dai a fahimtata hoton da aka goge a waya bai bar takardar da wani zai taka ba. Amma ba sai kun yi jayayya da ita ba. Ka sayi katin memori na ƙarin wuri a sa a wayar, a kwashe hotunan nan kaf a mayar can. Ba a yar da ko harafi ba, ɗaki kawai aka sauya musu. Sannan ka roƙi Okwudili ya rufe saukar da hotuna kai tsaye, ya nuna maka yadda ake share tarkacen da manhajoji ke tarawa. Ka kuma ba shi haƙuri kan zargin.

Bidiyoyinka fa, nan ne ba ka so mu je. Bidiyo ɗaya na iya cin wurin hotuna ɗari. Ka zaɓi biyar, sauran su bi iska, na Kawu Sunusi kuma ka nuna masa, in bai yarda ba ka goge. Da ka yi haka tun farko, da saƙon yayanka ya buɗe tun Juma'ar farko.

Amma kafin duk wannan, yau ka zauna gaban Inna ka gaya mata ba sabis ba ne, kuma ɗanta bai fasa aiko da saƙo ko sau ɗaya ba. Za ta yi faɗa, ka sunkuyar da kai ka sha, hakkinta ne. In ta gama, ka buɗe mata saƙonnin ukun a jere, ka ba ta wuri ta amsa masa yadda ta saba.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya dawo da Zulkifli da alheri, kai kuma ya bar maka barkwancinka, ya ƙara maka gaskiya a kai.